Yadda Ake Shirya Hutun Kallon Tsuntsaye a Tsibirin Lesbos na Girka

Duk wanda ya taɓa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru a tsakiyar hunturu ya san yadda bakin ruwa ke cika maƙil da tsuntsaye, sannan kafin zafin Maris ya kankama a wayi gari an nemi da yawansu an rasa. Baƙi ne, gida suka koma. Sukan tsallake Sahara, su tsallake Bahar Rum, su nufi Turai da yammacin Asiya inda za su yi sheƙa. A kan irin wannan hanya akwai zango-zango, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a wajen masu kallon tsuntsaye shi ne tsibirin Lesbos, a arewa maso gabashin tekun Ejiyan, daf da gaɓar Turkiyya.

Lesbos shi ne na uku wajen girma a tsibiran Girka, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,600. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 300 a cikinsa. Dalilin wannan albarka ba ɓoyayye ba ne. Teku ya kutsa cikin tsibirin ta wurare biyu ya yi manyan gulabe, na Kalloni da na Gera, kuma a gefensu akwai fadamu, bakin rafuka da filayen haƙar gishiri, inda tsuntsun da ya kwana yana tafiya zai sami ruwa da abinci. Ga dajin fayin a tsakiya, ga gonakin zaitun, ga yammacin tsibirin da yake fako da duwatsu. Kusancinsa da Turkiyya kuma ya sa wasu tsuntsayen Asiya suna sheƙa a nan, alhali sauran Turai ba ta da su. A gaɓar gulbin Kalloni ne ma Aristotil, masanin falsafar nan na Girka, ya zauna wajen shekara ta 345 kafin haihuwar Annabi Isa yana nazarin halittun ruwa da na tudu.

Wannan jagora ta wanda yake so ya je ne tare da ayari mai ɗan jagora, ba shi kaɗai ba.

Mataki na farko: tsayar da lokaci

Komai a kan wannan ya rataya. Lokacin da mu muke fama da zafin bazara, wato Afrilu da Mayu, su a can sanyi ne ya ja baya, ciyawa ta yi kore, furanni sun buɗe. Ƙaurar tsuntsaye takan yi ƙarfi daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, amma makonnin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa.

Idan ka je a tsakiyar Afrilu, za ka tarar da ruwa da yawa a fadamu, zalɓe iri-iri, tsuntsayen bakin ruwa, da ƙananan masu cin ƙwari da ke wucewa da wuri. Furannin daji ma a lokacin suke kan ganiyarsu. Sai dai wasu mazauna rani ba su iso ba tukuna. Idan ka bari sai mako na biyu na Mayu, waɗanda ke zuwa a makare duk sun hallara, kamar ɗan tsuntsun itacen zaitun da masana ke kira Hippolais olivetorum, amma masu wucewa sun fara raguwa, ƙananan kududdufai sun fara ƙafewa. Shi ya sa aka fi rububin makon ƙarshe na Afrilu da makon farko na Mayu, inda na gaba da na baya ke haɗuwa. A ganina, mai zuwa karo na farko ya zaɓi ɗaya cikin waɗannan biyun, ko da kuwa zai tarar da cunkoson 'yan uwansa masu kallo. Cunkoson ma yana da amfani: idanu da yawa ne ke neman abu ɗaya, labarin tsuntsun da ba a saba gani ba kuma kafin azahar ya zaga kowa.

Ka duba kalandar bukukuwan ƙasar. Ista ta cocin Otodoks ita ce babbar sallarsu, kuma ranarta tana canzawa: a 2026 ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, a 2027 kuwa 2 ga Mayu, wato daidai tsakiyar lokacin kallo. A irin wannan mako kujerun jirgi daga Atina kan ƙare da wuri. Ranar 1 ga Mayu kuma hutun ma'aikata ne, kuma an saba yajin aikin jiragen ruwa a ranar.

Mataki na biyu: zaɓar ɗan jagora

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ake asarar kuɗi ko a ci moriyarsu. Hanyoyi uku ne. Akwai kamfanonin yawon kallon tsuntsaye, galibi na Ingila, Holan da Jamus, masu shirya mako guda cif da masauki, abinci da mota. Akwai 'yan jagora mazauna tsibirin da ake ɗauka na yini ɗaya ko biyu. Akwai kuma haɗa biyun: ka yi hayar motarka, ka ɗauki ɗan jagora a kwanaki biyun farko ya nuna maka wurare, sauran kwanakin ka koma da kanka. Wanda bai taɓa kallon tsuntsaye a Turai ba, hanyar farko ta fi masa, saboda rabin tsuntsayen nan da kunne ake fara gano su, kunnen kuma sai wanda ya shekara yana saurare.

Kafin ka biya ko sisin kwabo, rubuta musu ka yi tambayoyi. Mutum nawa ne a hannun ɗan jagora ɗaya? Ƙaramar bas ɗin da ake amfani da ita kujera tara gare ta har da ta direba, don haka baƙi shida ko bakwai shi ne daidai, kowa ya sami taga. Ayarin da ya kai mutum goma sha biyar da jagora ɗaya, kafin layin leƙa babban madubi ya zo kanka tsuntsun ya tashi. Shekara nawa jagoran ya yi yana zuwa Lesbos ɗin kanta? Gwanin tsuntsayen Sifen ba lalle ne ya san wace bishiya mujiya ke kwana a Kalloni ba. Me kuɗin ya ƙunsa: ɗauko ka daga filin jirgi, abincin rana, abincin dare, ɗaki kai kaɗai ko da abokin kwana? Yawancin kamfanonin Turai suna saka kuɗin jirgi daga ƙasarsu a cikin farashi. Kai da za ka taso daga Kano, Abuja ko Yamai, nemi farashin da babu jirgi a ciki, ku haɗu a Mitilini, babban birnin tsibirin.

Sai tambayar da mutane ke mantawa: wane irin ayari ne? Wani na masu ɗaukar hoto ne, za a yi awa biyu a gaban tsuntsu ɗaya ana jiran haske. Wani na masu cika lissafi ne, daga asuba har magariba ana gudu daga wannan kwari zuwa wancan. Wani kuma na sannu-sannu ne, da hutun rana da tsayawa kallon furanni da malam-buɗe-littafi. Duka halal ne, amma shiga wanda bai dace da kai ba zai ɓata maka mako. Ka roƙi rahoton tafiyarsu ta bara. Kamfanin kirki yana da shi a rubuce, rana bi rana. A mako mai kyau ayari kan ga nau'i wajen 150, wani lokaci fiye. Wanda ya yi maka alkawarin lalle za ka ga tsuntsu kaza, ka yi hattara da shi. Jagoran gaskiya cewa yake yi "muna sa rai".

Ka kuma tambaye shi ra'ayinsa game da kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. Idan ya ce yana yi ko da yaushe, nemi wani. Zan dawo kan dalili.

Mataki na uku: biza da hanya

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Kuɗin bizar gajeren zama ga babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ƙa'ida ita ce a ba da amsa cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa kwana 45. Mai niyyar ƙarshen Afrilu ya shigar da takardunsa a Janairu ko farkon Fabrairu. Girka tana da ofishin jakadanci a Abuja. Za a nemi fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwancin da zai dawo da kai gida. A nan tafiya da kamfani ke da rana: ka sa su ba ka wasiƙa mai sunanka, ranakun tafiya, sunan otal da jadawalin kowace rana. Sannan ku yi magana a rubuce kan makomar kuɗin kafin alƙalami idan ba a ba ka biza ba.

Hanya kuwa ta Atina ce, galibi bayan an ya da zango a Istanbul ko Alƙahira. Daga Atina zuwa filin jirgin Mitilini, wanda aka raɗa wa sunan mawaƙinsu Odisiyas Elitis, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, kuma jiragen kamfanonin Aegean da Sky Express suna zuwa. Akwai jirgin ruwa daga tashar Piriyas, kwana ake yi a hanya. Ka isa kwana ɗaya kafin ayari ya haɗu, don jinkirin jirgi ɗaya kada ya cinye maka ranar farko. Agogon can a wannan lokaci yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Masauki ba ya buƙatar dogon tunani. Kusan kowane ayari a ƙauyen masunta na Skala Kalloni yake sauka, tafiyar kusan awa ɗaya daga filin jirgi. Yana tsakiyar tsibirin, fadama tana bayan otal, rafi biyu suna dama da hagunsa, filin gishiri kuma 'yan mintuna ne a mota. Kaya a wuri ɗaya za su zauna har ka tashi.

Mataki na huɗu: fara kallon tun daga gida

Wannan matakin mu ne muke da shi, Baturen Ingila ba shi da shi. Da yawa daga nau'o'in da ake ɗokin gani a Lesbos a Afrilu, a ƙasashenmu suke cin hunturu. Tsuntsun bakin ruwan nan Calidris pugnax da ke taruwa dubbai a gonakin shinkafar Haɗeja, nau'insa ne za ka gani a filin gishirin Kalloni, wasu mazan har sun fara canza gashi don neman aure. Ɗan rawayan nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanu a fadama, shi ma haka. Alhudahuda, tsattsewa, salwa, galantoyi, duk kana iya haɗuwa da su a can. Ba ina cewa tsuntsun da ka gani a fadamar Dagona ta jihar Yobe shi ne da kansa zai sauka a Lesbos ba, domin hanyoyin suna da yawa. Amma idan ka ba da 'yan asabar ɗin Disamba da Janairu ga fadamar da ke kusa da kai, za ka isa Girka da ido wanda ya riga ya saba. A Jos ma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum, wadda ta horar da masana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma ta dalilinta ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye sun bazu a jihohi. Nemi na kusa da kai ka bi su fita.

Abin da za ka koya guda uku ne: ɗaga madubi zuwa ido ba tare da ka kawar da kallo daga tsuntsun ba, kwatanta wurin da yake ga na kusa da kai, da yin shiru. Sunaye kuma, da yake da Turanci jagora zai yi magana, sauke manhajar Merlin ta jami'ar Cornell a waya, ka saukar da kundin tsuntsayen yankin tun kana da intanet mai kyau. Kowane dare ka saurari kuka biyar.

Mataki na biyar: kaya

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, kuma naka na kanka, kada ka dogara da aro. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a filin gishiri, amma jagora yana da nasa, kada ka sayi sabo saboda mako ɗaya. Madubi da kyamara a jakar hannu za su shiga jirgi.

Kada sunan Bahar Rum ya ruɗe ka game da sanyi. Da rana akan sami daɗin yanayi, digiri ashirin da 'yan kai, amma asuba a bakin ruwa ga wanda ya baro zafin Sakkwato ko Maraɗi sanyi ne sosai, iskar kan tsauni kuma tana ratsa ƙashi. Riga a kan riga ita ce dabara: ta ciki, suwaita, da rigar ruwa mara nauyi. Launi ya zama mai duhu-duhu, ruwan ƙasa ko kore. Farar shadda da babbar riga mai kaɗawa a iska ka ajiye su don cin abincin dare. Mace mai hijabi ta zaɓi gajere mai launin toka ko ruwan ƙasa wanda igiyar madubi za ta zauna a kansa. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, hula, maganin sauro, da soket mai baki biyu zagayayyu irin na Turai.

Yadda makon ke tafiya

A ƙarshen Afrilu rana na fitowa wajen ƙarfe shida da kwata, ta faɗi wajen takwas. Yini ne dogo. Yawancin ayari kan yi ɗan fita kafin karin kumallo, su dawo su ci, sannan a ɗauki abincin rana a mota a fita har yamma. Jagora nagari ba ya bin jadawali kamar karatun allo. Iska yake dubawa. Idan dare ya zo da hadari ko ruwa, tsuntsayen da ke tafe a sama sukan sauko dole, kuma washegari sai ya juya akalar mota zuwa yamma ko da jiya an je.

Filin gishirin Kalloni za ka fi yawan komawa, wataƙila kullum. A nan filamingo suke tsaye ɗaruruwa a ruwa mara zurfi, ga masu dogayen jajayen ƙafafu, ga masu baki lanƙwasasshe sama, ga jar agwagwar nan Tadorna ferruginea, ga baƙin galantoyi yana kiwo a magudana. Da safe ko da la'asar ake zuwa, domin da tsakar rana hucin ƙasa yana sa komai rawa a cikin madubi. Mota ita ce maɓoyarka: tsuntsu ba ya tsoron mota kamar yadda yake tsoron mutum a tsaye, don haka idan jagora ya ce a zauna ciki, a zauna. Kusa da nan rafin Tsikniyas yake, da turɓayar hanya a gefensa, inda tsuntsaye masu cin ƙudan zuma masu launi kamar an zuba musu fenti ke jeruwa a kan waya. Ƙaramin tafkin Metoci kuwa na asuba ne. Ka tsaya shiru a bakinsa kafin rana ta ɗaga, za ka ga ƙananan kajin ruwa masu kunya suna fitowa daga cikin kacalla suna taka ganye, abin da da hantsi ba za ka ƙara gani ba.

Tsuntsaye biyu ne suka ɗaukaka sunan Lesbos. Na farko Sitta krueperi, ɗan ƙarami mai bayan toka-shuɗi, baƙin goshi, farar gira da jan tabo a ƙirji, wanda ke saukowa jikin itace kai ƙasa. A dajin fayin na Akladeri, kudu maso gabashin gulbin Kalloni, ake nemansa, kuma a duk ƙasashen Tarayyar Turai nan ne matattararsa. A ƙarshen Afrilu iyaye suna kai wa 'ya'ya abinci a kogon busasshen itace. Nan ne maganar kunna kuka ta shigo. Ka yi tunanin ayari goma a yini, kowanne ya kunna wa uban 'ya'yan kukan kishiya: yinin da zai yi yana neman tsutsa sai ya ƙare a neman abokin faɗan da babu shi. Haka ma matsowa kusa da sheƙa don hoto. Idan ka ga tsuntsu da abinci a baki yana ta kewaye ya ƙi shiga rami, ku ne kuka tsare masa hanya. Ja da baya, ko da sauran ba su ja ba.

Na biyu Emberiza cineracea, mai jikin toka da kai rawaya-kore, wanda namijinsa ke hawa kan dutse yana rera gajeriyar waƙa. Yana cikin tsuntsayen da ba su da yawa a duniya, kuma hunturunsa a ƙasashen gefen Bahar Maliya yake yi, irin su Sudan, Eritiriya da Yaman. Wurinsa yammacin tsibirin ne, musamman gangaren gidan ibadar Ipsilu, wanda ke kan ƙoƙuwar wani tsauni shi kaɗai a tsakiyar fako. Wannan tsauni yana da wata baiwa: da yake shi ne ke da 'yan itatuwa a yankin, ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da suka gaji sukan faɗo cikinsu, har ka ga itacen oak ɗaya ɗauke da nau'i biyar ko shida. A ƙasa ake barin mota a hau da ƙafa a hankali. Gidan ibada ne mai rai, don haka a shiga da suturar mutunci da ƙaramar murya.

Daga nan hanya ta gangara zuwa Sigri da gonakin Faneromeni a bakin teku. A ra'ayina wannan ce ranar da ta fi kowace, idan an dace. Gonakin ɓaure da 'yar ƙorama ne a ƙarshen busasshiyar ƙasa, su ne koren farko da tsuntsun da ya tsallako teku zai gani. A rana mai kyau kowane shinge da tsuntsu a kansa. Ana ganin shaho mai jajayen ƙafafu, Falco vespertinus, da ya taso tun daga kudancin Afirka, da Falco eleonorae da ke cin hunturu a Madagaska, wanda ke jinkirta ƙyanƙyasa har ƙarshen rani domin ya ciyar da 'ya'yansa da ƙananan tsuntsaye masu komowa wajenmu. A rana mara kyau kuwa gonakin shiru, sai iska. A nan ne za ka roƙi a ba ku awa ɗaya a gidan tarihin Sigri, inda aka adana kututturan itatuwan da tokar aman wuta ta binne kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce har suka zama dutse. Turɓayar hanyar da ta haɗa Sigri da Eresos ta kwarin Meladiya tana da gargada, amma kada ka yarda a tsallake ta.

Arewa, tsakanin Petra da Molibos, akwai gangaren Kabaki mai kallon teku, inda aka saba neman Curruca ruppeli, mai baƙin kai da maƙogwaro, farin gashin baki da jan ido. Hunturunsa a Cadi da Sudan yake yi. Samunsa a wurin ya yi wuya a 'yan shekarun nan, don haka kada ka ɗora zuciyarka a kansa. Kwarin Napi, mai itatuwan oak da zaitun, shi ne gidan Lanius nubicus, baƙi da fari mai ruwan lemo a haƙarƙari, wanda sunansa ma daga ƙasar Nuba aka samo shi. A hanyar dawowa jagora zai tsaya a wasu itatuwan turare kusa da Kalloni ya nuna maka 'yar mujiyar nan Otus scops, wadda ba ta fi tafin hannu da yatsu ba, manne da jikin itace kamar ɓawo. Kai kaɗai za ka iya awa guda a ƙarƙashinta ba ka gan ta ba.

Abinci, salla da zama da mutanen gari

Gasasshen naman tsire da ake sayarwa ko'ina a Girka, sublaki da giros, galibi na alade ne sai an faɗi akasin haka. Kalmar alade "hirino" ce, "horis hirino" kuma na nufin ban da alade. Sanar da kamfani tun kafin ka taso, musamman saboda burodin abincin rana da ake cusa wa yankakken nama. Da yake kana bakin teku, sauƙi ya samu: sadin na gulbin Kalloni ya yi suna a duk Girka, ga wake, ga ganyaye, ga cukwin tumaki da ake ajiyewa cikin man zaitun, ladotiri. Tsibirin ya shahara da wata barasa mai suna uzo, kuma ana iya miƙo maka ita a matsayin karamci. "Ohi, efharisto", wato a'a na gode, ya isa, ba mai jin haushi. Tambayi ko an sa giya a miya.

Daular Usmaniyya ta mulki Lesbos daga 1462 zuwa 1912, kuma har yau akwai tsofaffin masallatai a Mitilini, amma kayan tarihi ne. Ka tafi da 'yar dardumarka. Alƙibla kudu maso gabas take. Faɗa wa jagora tun ranar farko cewa kana buƙatar minti goma lokacin abincin rana da kuma kafin fitar asuba. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, wanda ke sauƙaƙa komai.

Ƙasar da kake takawa gonar wani ce. Gaida manomi da "kalimera", rufe ƙofar shinge idan a rufe ka same ta, kada mota ta tare hanyar tarakta, kada a shiga cikin ma'aikatar gishiri ko a taka alkama don hoto. Karnukan makiyaya ba na wasa ba ne, idan garke ya taho ka koma kusa da mota. Akwai kububuwa mai dafi a cikin duwatsu, kada ka cusa hannu inda ido bai gani ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Abu biyu kuma da suka shafi iyaka. Akwai sansanonin soja a tsibirin, wasu a tsakiyar wuraren kallo. Kada ka nuna su da madubi ko kyamara, hukuma ba ta ɗaukar wannan da wasa. Sannan Lesbos ita ce ƙofar da dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka shigo Turai a 2015, kuma a nan sansanin Moriya yake kafin ya ƙone a Satumbar 2020. Jami'an tsaro suna nan da yawa, baƙo daga Afirka kuma ana iya tambayarsa takardu. Fasfonka da wasiƙar kamfani su kasance a aljihunka kullum, ba a ɗakin otal ba.

Lissafin dare

Bayan abincin dare ayari kan zauna da takardar jerin sunaye, jagora yana kira ana amsawa. Ka rubuta abin da idonka ya gani da kyau kawai. Wanda ya gifta kamar walƙiya aka ce maka kaza ne, sa masa alama, gobe ka roƙi a sake nema. Ka riƙe ɗan littafinka daban, ka rubuta wuri, lokaci, da abin da tsuntsun yake yi, domin bayan wata uku sunaye 150 za su cakuɗe, amma wanda ka rubuta cewa ya kama fara ya soke ta a ƙaya ba zai ɓace maka ba. Idan ka shigar da lissafinka a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, masu bincike a kan ƙaurar tsuntsaye za su amfana da shi, kuma asusun nan ɗaya zai karɓi abin da za ka gani a fadamarku idan baƙin sun komo a watan Oktoba.

Wata rana a makon kana iya ganin motoci sun yi cirko-cirko a gefen filin gishiri, mutane suna gudu da manyan madubai a kafaɗa. Ka bi su ka leƙa. Mai yiwuwa zakaran ƙeƙuwa ne, wanda ke damun mu da ihu a kowane bakin tafki daga Kano har Tafkin Cadi, amma a Lesbos baƙo ne da ba kullum ake samunsa ba. Idan abokan tafiyarka suka tambaye ka yadda yake rayuwa a inda ya yi yawa, ka ba su labarin yadda yake yin ƙwai a fili a kan ƙasa, da yadda yake kai wa kare hari idan ya matso kusa da 'ya'yansa.